Doyar da Inna Ta Karɓa

Har yau in aka ce mini "a yi haƙuri" a kan maganar aiki, sai in ji raina ya ɓaci tun kafin in san me aka yi. Ba haka aka haife ni ba. Wani kamfanin kifi ne ya mai da ni haka, a shekarun da na yi ina manaja a bayan kasuwar kifi ta Kado.

Aikinmu ba shi da wuyar ganewa. Manyan motoci su kawo kifi da kaji a daskare daga kudu, mu jibge su a ɗakin sanyi, mu riƙa rarraba wa otal-otal da gidajen abinci na cikin gari. Mai kamfanin, wanda kowa ke ce wa oga, ba mazauni ba ne. Yau yana Legas, gobe ya haye ƙasar waje, amma ya kakkafa kyamara a kowane lungu yana kallonmu ta wayarsa. Ina tsakiyar cin abinci sai ya bugo: "Madam, waccan motar me take yi a bakin get har yanzu?" Idan kuwa ni ce na neme shi a kan injin da ya lalace, sai wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ma'aikata su ma suna da nasu zauren hira a waya, wanda ba a saka ni ba. Na san da shi ne saboda sai in ga duk sun duƙa kan wayoyinsu sun tuntsire da dariya lokaci guda, in na ɗago kai kowa ya haɗe rai. Na sama ya danne ni, na ƙasa su yi mini gwalo a bayan ido, amma a bakin ƙofar ofis an liƙa allo an rubuta manaja.

Oga ya taɓa tura ni wani taron koyon shugabanci a wani otal. Wani saurayi mai ɗamammiyar kwat ya wuni yana nuna mana hotuna a bango, yana cewa shugaba nagari shi ne mai sauraro, mai buɗaɗɗiyar ƙofa, mai jan kowa a jiki. Na sha shayinsu na ci kek ɗinsu na dawo. Da a ce ya yi wuni guda a cikin ƙarnin Kado tare da mutanena, da ya san ƙofar da aka bari a buɗe akuya ce ke shiga.

Mutum biyu wannan labarin ya shafa. Na farko shi ne mai sito, wanda makullin ɗakin sanyi ke hannunsa. Tun oga na da firiza guda a rumfar kasuwa suke tare, don haka kallon baƙuwar da aka ɗora masa a ka yake yi mini. Mutumin wajen Karshi ne, ƙato, mai fara'a ga kowa ban da wanda ya sa shi aiki. Yadda yake jan "madaam" ɗinsa kaɗai ya ishi mutum zagi. Ban taɓa sonsa ba, shi ma bai taɓa sona ba, kuma ba mu ɓoye wa juna ba.

Ta biyu ita ce mai oda. Ita ke amsa wayar kwastomomi, ta tsara wace mota za ta kai me, kuma ina. Daga Filato ta zo, tana zaune a Kurudu da mahaifiyarta da 'ya'yanta. Ba zan ce mai daɗin zama ce ba. Ba ta iya doguwar gaisuwa, bakinta kuma reza ne, har ni takan yanka in na yi kuskure. Amma in ta ce kifin otal kaza zai isa kafin azahar, to zai isa. A duk kamfanin ita kaɗai nake ba wa aiki in juya baya hankalina kwance. Tana da ciwon asma, kullum da ɗan abin shaƙarta a jaka, kuma kowa ya san da haka.

Rigimarsu a kan tsohon kaya ta samo asali. Ƙa'idar ita ce kwalin da ya riga shigowa shi zai riga fita. Mai sito kuwa na bakin ƙofa yake miƙawa, don ƙyuyar shiga ƙurya. Na ƙurya ya yi ta zama har ya fara sauya launi, ranar da aka fitar da shi kwastoma ya bugo yana zagi, kuma kunnen mai oda ne ke shan zagin. Ta kawo mini ƙara, na yi masa magana, ya ce "yes madaam", ya ci gaba da halinsa. Da ta gaji sai ta fara shiga ɗakin sanyin da kanta tana nuna wa masu lodi kwalin da za su ɗauka. Wannan ne ya tsaya masa a rai, wai mace ta shigo masa wuri tana ba yaransa umarni.

Wata Laraba da hantsi na dawo daga wurin wani kwastoma, na tarar da masu lodi a gindin mota suna dariya ƙasa-ƙasa. Mai sito na kan benci yana cin shinkafa da wake a roba. Teburin mai oda ba kowa, waya na ta ƙara. Na tambayi inda take, kowa ya kau da kai. Sai na ji bugu can ciki, mara ƙarfi, ya tsaya, ya sake. Na dubi ƙofar ɗakin sanyi, na ga an danna sakata ta waje. Hannun buɗewa na ciki ya daɗe da karyewa, na yi wa oga magana a kai har na gaji, kuma mai sito ya fi kowa sanin haka.

Ban san lokacin da na jefar da jakata ba. Da na ja ƙofar sai na same ta durƙushe a bayanta, leɓɓanta sun yi toka-toka, tana jan numfashi yana ƙara kamar usur. Jakarta da abin shaƙar suna can kan tebur. Ni da mai shara muka cicciɓe ta muka sa a motata. Ina tayar da mota mai sito ya leƙo ta taga, cokali a hannunsa.

"Madam, wasa ne fa. Small play. Ita ma ya sani."

Na ce masa in bai cire kansa daga tagata ba zan tafi da shi a haka.

Sai wajen la'asar ta iya magana a asibiti. Ta janye robar iska daga hancinta ta ce, "Madam, ƙanena ya ce mu je police. Na ce masa a'a, madam tana nan. Amma ni ko shi. In ya sake taka wurin nan, ni na gama."

Na kama hannunta, har lokacin da sauran sanyi a jikinsa. Na ce, "Ba zai dawo ba. Ni na faɗa miki."

Ba ta ce in rantse ba, ni ma ban ga dalilin rantsuwa ba. Ai ni ce manaja.

Oga ya mayar da hoton kyamara baya ya ga komai da idonsa, ya bugo yana ihu. "Wannan kisan kai ne! Ki kore shi yau-yau! In matar nan ta mutu a cikin kifina wa za a kama?" Na lura ba ta ita yake yi ba, ta kifinsa da sunansa yake yi, amma tunda mun haɗu a kan kora ban tsaya gyara masa ba. Na koma kamfani na karɓe makulli daga hannun mai sito a gaban kowa, na ce ya kama gabansa. Bai yi gardama ba. Ya goge hannu a wando, ya dube ni, ya yi murmushi ya fita.

A lokacin Inna, mahaifiyata, tana wurina. Daga Zariya ta zo aka yi mata aikin ido, tana zaman jiran ya warke, kullum cikin ƙorafin garin da maƙwabci ba ya shigowa gaisuwa. Ban faɗa mata komai ba. Ba na kawo maganar kamfani gida, wayar oga ma da ke bina har banɗaki ta ishe ni.

Asabar ce ranar da muka fi aiki saboda bukukuwa. Ga mai oda a kwance, ga babu mai sito, ni ce a waya ni ce a ɗakin sanyi. Sai bayan la'asar na iso gida ina ƙarnin kifi. A ƙofar falo na ga takalma jere waɗanda ban sani ba, duk sun sha jar ƙasa. Da na shiga sai ga dattawa uku da wata tsohuwa zaune a ƙasa kan dardumata, ga kujeru sun ƙi hawa. Can bakin ƙofar kicin mai sito ne a tsugune, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. A bayansa doya ce jibge, manya-manya, da zabi an ɗaure musu ƙafa. A tsakiyar falo kuma ga babban faranti da ragowar dafaffiyar doya da manja. An ci, an sha, an wanke hannu. Daga baya na ji direban kamfani ne ya kwatanta musu gidana, shi ma ina riƙe da shi a raina har yau.

Inna na kan kujera da baƙin tabarau na asibiti, bakinta har kunne. Tun zuwanta Abuja ban ga ta yi farin ciki irin na ranar ba.

"Ga ta nan," in ji ta. "Ke, gaida iyayenki."

Na durƙusa na gaishe su, don ba yadda zan yi. Babban cikinsu, wan mahaifin mai sito, mai farin gemu da carbi a hannu, shi ya yi magana. Na gefensa an ce mini dattijon coci ne, ƙanin uwar mai sito. Ba zan yi musu ƙarya ba, mutane ne masu kamala. Tun asuba suka taso daga Karshi, suka bar gonakinsu saboda wannan ƙaton banzan.

"'Yata," in ji tsohon, "yaron nan ya yi laifi. Ba mu zo mu ce bai yi ba. Mun zage shi a gida, uwarsa ya yi kuka. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yana da mata, yana da yara a makaranta. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Mun zo wurin Mama, Mama kuma ya ji mu. Allah ya saka da alheri."

Na buɗe baki zan ce wannan ba maganar gida ba ce, Inna ta riga ni.

"Ai na riga na gaya musu ya wuce. 'Yar nan ba mai riƙo ba ce. Ya koma bakin aikinsa, Allah ya kiyaye gaba."

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce to ki faɗi gaskiya mana. In faɗa a ina? A gaban baƙi tsofaffi in ƙaryata uwata, bayan ta riga ta ba da baki, ta karɓi kayansu, ta dafa, sun sa hannu a faranti ɗaya? Mai sito ya san abin da yake yi sarai. Ya san ba na gida ranar Asabar, ya san akwai tsohuwa a gidan, ya kuma san in doyar ban haƙuri ta shiga tukunya magana ta ƙare. Bai zo ba ni haƙuri ba, zagaye ni ya yi. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Za a duba, Baba." Su kuwa suka ɗauka an gama. Tsohon ya yi addu'a aka shafa, dattijon coci ya yi tasa aka ce amin, suka miƙe. Mai sito ya zo wucewa ta gabana ya ce, "Na gode madaam," a hankali, yadda ni kaɗai zan ji jan da ya yi.

Suna fita na rufe ƙofa na juyo. Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar.

"Inna, kin san abin da ya yi kuwa? Mace ya kulle a ɗakin ƙanƙara, mai ciwon asma!"

"Sun faɗa mini. Sun ce wasa ne ya zo da tsautsayi."

"Ba wasa ba ne. Kuma aikina ne, Inna, ba maganar da za a yanke a falo ba ce."

"Ta mutu?"

Na ce a'a.

"To tunda ba ta mutu ba, sai a kashe shi da yunwa shi da 'ya'yansa? Tsoho sa'an mahaifinki ya durƙusa a gabana, in ce masa me? In ce ya jira manaja ta dawo ta ba ni izini? Babba juji ne, ke. In ba za ki iya haɗiye abu ba, me ya kai ki shugabanci?"

Na ce gobe da safe zan zuba doyar a but ɗin mota in mayar musu har Karshi, wadda aka ci ma in saya in cika.

Ta cire tabarau ta dube ni da idon da bai gama warkewa ba. "In za ki mayar da doyar nan, ki haɗa da ni ki sauke a tasha. Ba zan zauna a gidan da aka mai da maganata ta yara ba."

Doya ta ci gaba da zama a kicin ɗina. Zabin suka dame ni da kuka har na ba mai gadin layinmu su don in huta.

Ranar Litinin na fita da niyyar tsayawa a kan bakana duk da haka. Gida daban, kamfani daban, haka na yi ta faɗa wa kaina a hanya. Ashe labari ya riga ni isa. Tun daga get mai gadi ya tare ni da wata fara'a da ban saba gani ba. Masu lodi na ɗaga kwalaye suna waƙa, ɗaya ya ce "doya", sauran su amsa "da manja". Ba wanda ya dube ni, ba kuma wanda zan kama in ce da ni yake. Har yau in na tuna sai in ji kamar in koma in mammare su ɗaya bayan ɗaya.

Ko zama ban yi ba oga ya bugo, da wata murya mai laushi da yake yi in zai zame.

"Madam, ashe kun sasanta? Dattawan sun kira ni jiya. Wallahi na ji daɗi. You know, mu nan family ne."

"Oga, ban sasanta da kowa ba. Kai da bakinka ka ce in kore shi."

"Na faɗa, cikin fushi. Amma sun ce sun je gidanki, Hajiya ta karɓe su, har an ci abinci. To ni wane ne da zan tayar da abin da Hajiya ta kwantar? Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski." Ya yi dariyarsa shi kaɗai.

Na ce masa na yi wa mai oda alkawari a gadon asibiti.

"Sai ki ba ta haƙuri. Management ke nan, madam. Ki iya da mutane."

A nan na gane shi tsaf. Ihun da ya yi ranar Laraba tsoron 'yan sanda ne ya sa shi. Da ya ga ba a kai ƙara ba, sai ya tuna mai sito mutuminsa ne na tun rumfa, mai kawo masa rahoton kowa, har da nawa. Wurin rataya abin kawai yake nema, ya samu a kicin ɗina. In an kori mutum ni ce muguwa, in an yafe masa oga ne mai tausayi. Na yi tunanin ajiye masa aikinsa a ranar. Ban ajiye ba. Ga haya, ga uwa tana jinya, kuma Abuja ba ta ciyar da mai zuciya. Na yi ta ɗaukar waya in kira mai oda ina ajiyewa, ina cewa bari in shawo kan oga tukuna. Oga kuwa ya daina ɗaga kirana gaba ɗaya.

Ranar da mai oda ta dawo daga jinya ita oga ya zaɓa ya sa a tara ma'aikata. Na ɗora wayata a kan tebur na buɗe murya yadda kowa zai ji shi. Ya yi dogon jawabi a kan haɗin kai da yafiya. Sai ga mai sito ya shigo cikin sabuwar riga. Bai durƙusa a gaban matar da ya kusa kashewa ba, a gaban wayar ya durƙusa.

"Oga, na tuba. Ba zan ƙara ba."

Aka yi tafi. Oga ya ce in miƙa masa makulli, na miƙa. Mai oda na tsaye jikin bango, duk ta rame. Ko sau ɗaya ba ta dubi mai sito ba, ni ta duba. Sannan ta je teburinta ta ɗauki kofinta da cajarta ta zuba a jaka, ta fita ta get, wayar oda na ƙara a bayanta.

Mako bai zagayo ba komai ya dagule. Aka kai kajin wani otal gidan abincin da ya nemi kifi. Wata mai girkin biki ta zo har ofis ta zage ni tas a gaban ma'aikatana, su kuwa suna ta danna waya. Na sa wata daga cikinsu a teburin oda, ta wuni tana gyaran farce. Oga da ya ƙi ɗaga kirana sai ga shi yana bugowa ba ƙaƙƙautawa.

"Ki je ki dawo da mai oda. Ki je har gida, ki sami mamanta. Kuma kar ki je hannu rabbana, ki ɗauki kwalin kifi mai kyau."

"Oga, kifin ɗakin da aka kulle ta?"

"Kifi kifi ne, madam."

Mai sito da kansa ya shiga ya ɗauko, daga na bakin ƙofa, ya sa a but ɗin motar kamfani yana fito.

Na tafi. Ba don oga ba. So nake ta dawo, don in ba ita ni kaɗai ce a cikin kurayen nan. Kuma na san sarai abin da aka aike ni yi. In na sami tsohuwarta a gida, na durƙusa, aka karɓi kifin aka sa a tukunya, to ita ma ta faɗa ramin da na faɗa. Ina sane na hau motar, kusa da direban da ya nuna gidana, muka yi ta jan jiki a cunkoson Nyanya. Sai a ranar na san tsawon hanyar da matar nan ke bi kullum ta zo ta sha zagin kwastoma. Muka wuce Karu muka shiga Kurudu, gidaje marasa fenti da gonakin masara a tsakaninsu, har muka zo inda ruwa ya cinye hanya mota ba ta wucewa. Direba ya ɗora kwalin a ka yana bina a baya.

Ba mu kai gidan ba. A bakin lungu muka sami mai oda tsaye, da kumfar wanki a hannu. Wani daga zauren wayarsu ya riga ya sanar da ita muna tafe. Ta gaishe ni da ladabi, har ta tambayi idon Inna.

"Da sauƙi," na ce. "Na zo ne..."

"Na san abin da ya kawo ki, madam." Ta dubi direba. "Kai, kar ka sauke wannan abu a nan."

"Ki bari in shiga in gaida Mama kawai."

"A'a. Mamana irin naki ne. In ta ga babbar mace kamar ki ta durƙusa, za ta karɓa, za ta dafa, gobe ta ce in koma. Ni kuma ba zan iya ce mata no ba." Ta goge hannunta a zane. "Ke kin ce ba zai dawo ba. Maganarki na riƙe na hana ƙanena zuwa police. Yanzu sai ki riƙe kifinki."

Na shirya maganganu da yawa a hanya, a kan oga, a kan Inna, a kan yadda aka ɗaure ni. Duk gaskiya ne, kuma ba ɗayan da zai amfane ta. Tana tsaye a tsakiyar lungun, ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Can bayanta wata tsohuwa ta leƙo daga wata ƙofar langa-langa, tana kare rana da tafin hannu, ta ɗaga murya tana tambaya ko baƙi aka yi, a shigo mana a sha ruwa.

"Ba kowa ba ne, Mama," in ji mai oda, ba tare da ta juya ba. "Masu tallan kifi ne. Na ce musu ba ma saye."

Tsohuwar ta ce Allah ya ba da kasuwa, ta koma ciki. Kwalin ya fara narkewa, ruwan kifi na bin wuyan direba. Na ce masa mu koma.